Dako da Rakiya: Ɗaukar Hoton Motar Rimot Tana Cikin Gudu

A shekarar 1838 Louis Daguerre ya kafa kamararsa a tagar wani bene a birnin Paris, ya ɗauki hoton babbar hanyar nan da ake kira Boulevard du Temple. Hanya ce mai cunkoson jama'a da kekunan doki, amma duk wanda ya dubi hoton zai ga titi fayau kamar an yi shara, babu doki, babu keke, babu mai tafiya a ƙasa. Dalili shi ne farantin Daguerre yana bukatar mintoci da dama kafin ya sha hasken da zai ishe shi, kuma duk abin da ya gitta a cikin waɗannan mintoci bai daɗe wuri ɗaya ba, balle ya bar alama. Mutum biyu kaɗai suka tsira daga wannan shara: wani da ya tsaya ana goge masa takalmi, da mai gogewar. Tun daga wancan zamani matsalar mai ɗaukar hoto ba ta sauya ba. Kamara tana son lokaci, abu mai motsi kuwa ba ya jira.

A yau an rage mintocin Daguerre zuwa kashi ɗaya cikin dubu huɗu na daƙiƙa, wata kamarar ma ta fi haka sauri. Duk da haka akwai abubuwan da har yanzu suke ba kamara wahala, kuma a cikin waɗanda na gwada babu wanda ya kai motar rimot, wato ƴar motar nan mai batir da ake tuƙawa daga nesa da na'urar hannu ta hanyar igiyar rediyo. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hotunan irin waɗannan motoci a wani fili da ke bayan unguwarmu a Maradi. Abin da nake so in bayyana wa ƴan'uwana ɗalibai a wannan maƙala shi ne: hoton abu mai gudu yana fita tar ne idan mai kamara ya san inda abin zai bi tun kafin ya iso. Saurin yatsa da tsadar kamara suna da nasu amfani, amma a bayan wannan sani suke.

Yadda na shiga sha'anin

Autan gidanmu ne ya jawo ni. Yana ajin ƙarshe na koleji, kuma tun yana ƙarami, lokacin da sa'o'insa suke ƙera motar kara da ta langa-langa, shi hankalinsa yana wajen abin da ke cikin tsohuwar rediyo. Da ya tasa sai ya riƙa sayen matattun motocin wasa daga masu kayan gwanjo, ya kwance su, ya like wayoyin da suka tsinke da dalma, ya sauya musu inji, ya sa musu batiran da ya ciro daga tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka, waɗanda kowane ɗaya yake ba da bolt 3,7. Motar da aka jefar tana tafiyar hawainiya sai ta tashi a hannunsa tana tayar da ƙura. Yakan sayar da wasu, ya sayi littattafai da kayan aiki da kuɗin.

Wata rana ya same ni ina karatu, ya ce: «Yaya, masu saye ba su yarda da hoton mota tana ajiye a kan tebur. Kowa cewa yake matacciya ma haka take zama. Ina son hoton da za a ga tana gudu, a kuma ga motar.» Abokansa sun sha gwadawa da salula, abin da suke samu shi ne wani jan zane mai dishi-dishi a tsakiyar yashi. Na je wajen kawunmu, wanda sana'arsa ɗaukar hoton biki da suna, na roƙi aron tsohuwar kamarar da ya daina fita da ita, da dogon idonta mai jawo nesa daga milimita 55 zuwa 200. Da zai miƙo mini ita ya ce: «Ɗana, amarya tana tsayawa in ka ce ta tsaya. Wannan abin naku ba ya jin magana, sai ka yi lissafi.» Na ɗauki maganar tasa a zahirinta, na zauna da takarda da biro.

Lissafin gudu

A cikin motocin auta akwai guda da ta fi sauran, irin wadda ake ƙerawa domin tsere. Girmanta kashi ɗaya cikin goma ne na motar gaske, abin da ake rubutawa 1/10, tsawonta wajen santimita 40. Mun auna mita 50 a filin, muka kama lokaci da agogon salula: daƙiƙa 5. Wato tana cin mita 10 a kowace daƙiƙa, kilomita 36 a awa ke nan. A duniyar waɗannan motoci wannan ba wani gudu ba ne. Tun da kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motarsa ta rimot ta farko a 1976, sana'ar take bunƙasa, har aka kafa ƙungiyar IFMAR a 1979 mai shirya gasar duniya, kuma akwai samfurin Traxxas XO-1 da ake tallarsa da gudun kilomita 160 a awa. Amma mita 10 a daƙiƙa ma ta isa ta rikita mai kamara.

A cikin kamara akwai labule da yake buɗewa ya rufe domin haske ya faɗa a kan allon da ke karɓar hoto. Idan labulen ya zauna buɗe na kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, motar ta riga ta matsa kusan santimita 17, kusan rabin tsawonta. A 1/250 ta matsa santimita 4. A 1/1000 santimita ɗaya, a 1/2000 kuwa milimita 5. Santimita 4 a jikin motar gaske mai tsawon mita 4 ba komai ba ne, kashi ɗaya cikin ɗari ne. A jikin motar auta kashi ɗaya cikin goma ne, ya isa ya shafe lambar da ke gefenta. A nan wahalar take: a idon kamara, ƴar motar da ke yin kilomita 36 daidai take da babbar mota mai yin kilomita 360 a awa. Bugu da ƙari, saboda ƙanƙantarta dole ne a matsa kusa da ita, kuma abin da ya gitta kusa ya fi na nesa saurin ficewa daga gani. Motar da ta wuce ka a tazarar mita 3 da wannan gudu tana tilasta maka juya kai da saurin da ya kai rabin da'ira a daƙiƙa guda.

Saboda haka mataki na farko shi ne gajarta lokacin labule. Sai dai duk lokacin da aka rage shi da rabi, hasken da ke shiga ma ya ragu da rabi, kuma dole a biya wannan bashi ta ɗayan hanyoyi biyu: a faɗaɗa ƙofar haske da ke cikin idon kamara, wadda ake aunawa da lambobi irin f/4 da f/5,6 da f/8, ko a ƙara ƙarfin jin haske na allon, abin da ake kira ISO. Kowace hanya da farashinta. Ƙara ISO da yawa yana kawo tsaki-tsaki a hoto, faɗaɗa ƙofa kuma yana ƙuntata wurin da zai fita tar. A nan mu mutanen Sahel muna da wata baiwa da masu hoto na ƙasashen sanyi suke nema da kuɗi, ita ce rana. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce a rana tsaka, in ƙofa tana f/16, lokacin labule daidai yake da ɗaya bisa lambar ISO. In an bi lissafin, a ISO 400 da ƙofa f/8 ana samun 1/1600. Da wannan nake fara aiki kusan kullum.

Zirin saiti

Tsayar da gudu rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne saiti, wato daidaita idon kamara da nisan abin da ake ɗauka. Kamara ba ta ganin kusa da nesa tar a lokaci guda. Akwai wani ziri a gabanta wanda duk abin da ke cikinsa yake fita garau, abin da ke gabansa ko bayansa kuma yana yin hazo. Da ido mai milimita 200, da ƙofa f/5,6, da tazarar mita 5, faɗin wannan ziri a kamarar kawu wajen santimita 14 ne, bai kai taƙi guda ba. Motar da ta doso ka kai tsaye tana ratsa shi cikin kashi ɗaya cikin 70 na daƙiƙa. Shi kuwa ɗan Adam, tsakanin ganin abu da motsa yatsa, yana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na daƙiƙa, kamara ma tana da nata ɗan jinkirin. Ma'ana, wanda ya jira sai ya ga motar ta iso sannan ya danna, hoton ƙura zai ɗauka, domin motar ta riga ta yi gaba da mita biyu ko fiye.

Kamarorin zamani suna da saiti mai bin abu da kansa, wanda Nikon da Sony suke kira AF-C, Canon kuma AI Servo. Yana taimakawa, musamman in motar tana nesa kuma launinta ya bambanta da na ƙasa. Amma abu ƙarami da ke tsalle a kan yashi, ƙura tana binsa, ciyawa tana gittawa tsakaninsa da kamara, yana saurin kuɓuce wa wannan saiti. Haka nan harbin hotuna a jere ba ya warware matsalar shi kaɗai. Kamarar da nake riƙewa tana ɗaukar hoto uku a daƙiƙa, wato tsakanin hoto da hoto motar ta ci fiye da mita 3. Zirin da bai kai taƙi ba yana iya faɗawa a tsakanin hotuna biyu sau goma a jere. Wannan ne ya kai ni ga dabaru biyu da na laƙaba wa suna dako da rakiya.

Dako

Maharbi ba ya tsere da barewa. Yana lura da hanyar da take bi zuwa ruwa, ya zauna dako. Haka nake yi. Kafin in ɗaga kamara nakan zauna in kalli zagaye goma ko fiye, in ga inda tayoyi suke barin sawu. Direba, ko da yaro ne, yana da ɗabi'a, kuma in ya saba da fili kusan wuri ɗaya yake bi. Sai in zaɓi wuri, in ajiye ɗan dutse ko murfin kwalba a gefen sawun, in saita kamara a kansa, in kashe saiti mai sarrafa kansa don kada ya motsa. Daga nan ba motar nake jira ta iso wurin ba. Nakan sa wata alama ta biyu kimanin mita biyu kafin ta farko, in danna sa'ad da hancin motar ya kai ta. Kunne ma yana aiki, domin ƙarar inji tana sauyawa daidai lokacin da direba ya saki wuta zai sha kwana.

Ba kowane wuri ya dace da dako ba. Mafi kyau shi ne kwana, saboda a nan gudu yake raguwa, jikin motar ya karkata, tayoyi su watsa yashi. Na biyu shi ne tudun tsalle: motar da ta tashi sama tana da wani ɗan lokaci a ƙololuwar tsallenta da hawa ya ƙare, sauka ba ta fara ba, kuma wurin ba ya sauyawa sosai in gudun bai sauya ba. Akwai kuma bambanci tsakanin motar da ta doso ka da wadda ta gitta ta gefe. Mai dosowa ba ta cika shafewa ba, amma tana saurin fita daga zirin saiti. Mai gittawa tana daɗewa cikin ziri, amma tana bukatar labule mai sauri. Na fi son kusurwar da ke tsakaninsu, inda ake ganin gaba da gefe tare. Idan na rage jawowa zuwa milimita 100 na rufe ƙofa zuwa f/8, zirin a tazarar mita 5 yana faɗaɗa zuwa wajen santimita 80, ya ɗauki motar gaba ɗaya har da rara.

Dabarar dako ta girmi kamarar da ke hannuna. A 1878, a Palo Alto ta ƙasar Amurka, Eadweard Muybridge ya jera kamarori goma sha biyu a gefen hanyar sukuwa, aka shimfiɗa zaruruwa a kan hanyar, doki yana wucewa yana tayar da labulensu ɗaya bayan ɗaya. Hotunan sun tabbatar da cewa akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duka suke barin ƙasa, kuma a lokacin a naɗe suke ƙarƙashin cikinsa, saɓanin yadda masu zane suka daɗe suna nuna su a miƙe. Shekara huɗu bayan haka, a Faransa, Étienne-Jules Marey ya ƙera kamara mai siffar bindiga da ke ɗaukar hoto goma sha biyu a daƙiƙa domin nazarin tashin tsuntsaye. Dukansu biyun sun ɗauki kamara a matsayin kayan bincike, mai nuna abin da ido ba ya iya riƙewa.

Mu ma a filinmu hakan ta faru. Motar auta ta tsere tana da wata cuta: duk lokacin da ta sha kwana zuwa dama da ƙarfi sai ta kife, zuwa hagu kuwa lafiya lau. Ya kwance ta ya ɗaure fiye da sau uku bai ga komai ba, domin a ajiye babu abin da ya nuna. Wani hoto da na ɗauka a kwanar a 1/2000 ya nuna gaban motar na hagu ya nutse har yana shafar ƙasa, tayar baya ta dama kuma ta ɗaga sama da kamar yatsa biyu. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce: «Yaya, sifirin ɗin gaba na hagu ne ya mutu, kuma batiran da na ɗaura a wannan gefen sun yi sama da yawa.» Ya sauya sifirin, ya sauke batiran zuwa tsakiya. A hoton da na sake ɗauka a wannan kwanar bayan kwana biyu, tayoyi huɗu suna ƙasa.

Rakiya

Hoton dako yana da aibi guda. In labule ya yi sauri ƙwarai, komai yana daskarewa, motar ta koma kamar wadda aka ajiye a kan yashi, wato an dawo ga kukan auta na farko. Abin da ke ceton irin wannan hoto shi ne ƙurar da ta tashi, ko tayar da ke sama, ko juyawar tayoyi: taya mai faɗin santimita 10 a wannan gudu tana juyawa kusan sau 32 a daƙiƙa, don haka ko a 1/1000 zanen jikinta yana ɗan shafewa, kuma wannan shafewar abin so ce. Amma in ana son gudun ya fito sosai, sai rakiya.

A rakiya ana jinkirta labule da gangan, zuwa 1/250 ko 1/160, wani lokaci 1/125, sannan a bi motar da kamara da irin saurinta. Idan hannu ya yi daidai da ita, a wajen allon kamara motar a tsaye take, ƙasa da itatuwa da ƙafafun ƴan kallo su ne suke gudu. Sai ta fito tar a tsakiyar zane-zanen da suka miƙe. Yadda nake yi shi ne in kafa ƙafafuna suna fuskantar inda zan danna, in manne gwiwar hannu da haƙarƙari, in juya daga ƙugu. Nakan kama motar tun daga nesa, in danna tana daidai gabana, in ci gaba da binta bayan labule ya rufe, kamar yadda mai rakiyar baƙo ba ya juyawa a bakin ƙofa. Saiti yana kan layin da za ta bi, tun da nisanta da ni ba ya sauyawa sosai a daidai wurin. Da yake labule ya jinkirta, sai a sauke ISO zuwa 100 a rufe ƙofa zuwa f/11 ko fiye, wanda hakan yake ƙara faɗin ziri.

Taura biyu ba ta taunuwa. A dako ana samun tsabta a rasa wani abu na gudu, a rakiya ana samun gudu a yi asarar hotuna da yawa. A cikin ashirin nakan tsira da ɗaya ko biyu, saboda motar rimot a kan yashi ba gaba kawai take yi ba, tana kuma tsalle sama da ƙasa, kuma wannan motsi rakiya ba ta gyara shi. Shi ya sa nake neman wuri mai tauri da santsi, ko gefen kwalta inda babu ababen hawa. Ya kamata kuma a san cewa na'urar hana girgiza da ke cikin wasu kamarori rawar hannun mai ɗauka take gyarawa, ba ta tsayar da abin da ke gudu.

Ƙasa, ƙura da salula

Hoton da aka ɗauka a tsaye yana nuna abin wasa a kan ƙasa. Wanda aka ɗauka a kwance, kamara tana daidai tsayin taya, yana nuna mota. Saboda haka tabarma tana cikin kayan aikina. Sai dai mai kwanciya ya zaɓi cikin kwana, kada ya zaɓi wajenta, domin motar da ta ƙwace waje take yi, kuma abu mai nauyin kilo biyu da wannan gudu yana iya fasa ido, na kamara ko na mutum. Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu: ba na cire idon kamara a fili, kuma nakan naɗe jikinta da ƙyalle. Lokaci ma yana da muhimmanci. A bazara da tsakar rana zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa iska rawa, dogon ido kuma yana ƙara girman rawar, hoto ya yi laushi ko da saiti daidai ne. Hantsi da bayan la'asar sun fi, kuma in rana tana bayan motar ƙurar da ta tayar tana haskawa. Hazon hunturu yana rage ƙarfin haske, amma yana tausasa inuwa, launin motar ya fito da kyau.

Mafi yawanmu salula muke da ita, kuma ba a rasa abin yi da ita. Da yawa suna da sashen da ake kira Pro, inda ake zaɓen lokacin labule da ISO da saiti da hannu. Ƙaramin allonta yana ba da ziri mai faɗi, wanda ya sauƙaƙa dako. A saita ta a kan dutsen alama, a kulle saitin, a kwantar da ita kusa da ƙasa, a guji jawo hoto da yatsa domin yana cinye tsabta. Wani lokaci za a ga taya ta karkace ko sandar fitila ta jirkice. Wannan yana faruwa ne saboda allon yana karanta hoto layi bayan layi, abin yana motsi kafin a kai ƙasa. Ba sabon abu ba ne: sanannen hoton motar tsere da Jacques Henri Lartigue ya ɗauka a Faransa gab da yaƙin duniya na farko yana da tayar da ta zama kamar ƙwai, da ƴan kallo da suka karkata, saboda labulen kamararsa tsaga ce mai ratsa faranti daga sama zuwa ƙasa.

Abin da hotunan suka jawo a gida

Mahaifinmu ɗan kasuwa ne, kuma a ganinsa duk wannan wasan yara ne da ya kamata a bari tun an yi kaciya. Burinsa auta ya gama koleji ya zauna rumfa. Shi kuma auta lisen fasaha yake so. Na wanke hotunan kwanar nan guda biyu, na kafin gyara da na bayansa, na ba shi ya kai da kansa. Baba ya sa tabarau ya jera su a kan buzu, ya ce: «Wa ya gano ciwon, kai ko yayanka?» Auta ya durƙusa ya ce: «Yaya ne ya ɗauka, Baba, ni na gyara.» Bai ƙara cewa komai ba. Bayan mako guda ya dawo daga kasuwa da kwali cike da matattun motocin wasa da ya saya wajen wani mai gwanjo, ya ajiye a zaure. Maganar lise har yanzu ba a yanke ta ba, ya ce sai an ga sakamakon BEPC. Amma ya daina kiran abin wasa, yanzu «aikin auta» yake cewa.

Waɗannan motoci ba su da tsawon rai. Yashi yana cinye haƙoransu, zafi yana kumbura batir, wadda aka sayar kuma ta tafi ke nan. A garuruwanmu yara da yawa suna ƙera abubuwa masu motsi daga shara, kuma kusan babu wanda yake adana shaidar aikinsu yadda za a iya dubawa a yi nazari. Duk wanda ke da salula da ɗan haƙuri yana iya yin wannan. Lissafin bai taƙaita ga motar rimot ba: a san mita nawa abu yake ci a daƙiƙa, a san girmansa, a san inda zai bi, sannan a zaɓi dako ko rakiya. Da shi za a ɗauki kabu-kabu a kan titi, da ɗan kokowa a lokacin da ƙafarsa ta bar ƙasa, da dokin sukuwa, wanda yakan wuce kilomita 40 a awa amma girmansa da nisansa suna sa ya fi ƴar motar sauƙin bi. In Allah ya kai mu salla mai zuwa, ina da niyyar zuwa Damagaram in gwada rakiya a kan dawakin hawa, in fara da 1/125. Kawu ya riga ya yarda da aron kamarar, da sharaɗin in dawo masa da ita babu yashi.